Babur ɗin Malam: sama da shekara 20 a ɗakin shirgi

1/ Saura ƙiris a sayar wa ɗan gwangwan babur ɗin mahaifinmu a kan naira dubu 45. Mutumin har ya zo da sikelinsa ƙofar gida. Na roƙi arziki a ba ni sati biyu in duba ko zai gyaru. Ga abin da na gani a sati biyun nan. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ Malam, haka duk gidan muke ce masa, ya rasu bara. Allah Ya jiƙansa da duk iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya. Da su Umma suka fita takaba, Kawu ya ce a fito da komai a yi masa kuɗi kafin rabon gado. Komai fa, har cokali.

3/ A ɗakin shirgin da ke soro muka tono shi. Tsofaffin tabarmi a kansa, kwalayen littattafan firamare, da fankar da ta mutu tun ina JSS. Ja ne a da. Yanzu launinsa launin ƙasar Dambatta. Honda CD 175.

4/ Ga 'yan baya da suka buɗe ido da Jincheng da Boxer: kamfanin Honda ya ƙera CD 175 daga 1967 zuwa 1979. Fistin biyu, kafireta ɗaya, giya 4, salansa biyu, sarƙa a rufe cikin gidanta. Ba na tsere ba ne. Babur ne na dattawa masu zuwa aiki a kan lokaci.

5/ Malam ya saye shi a 1975 da kuɗin Udoji. Wancan ƙarin albashin da gwamnatin Gowon ta yi wa ma'aikata, aka haɗa musu da ariyas. Wasu suka ƙara aure, wasu suka sayi rediyo da fanka. Shi malamin firamare ne da ake ta cillawa ƙauyuka, sai ya sayi abin hawa.

6/ Shekara 28 yana hawansa. A 2003 gwiwa ta fara damunsa, buga kiki ya zama wahala, Yaya Babba ya saya masa ɗan China mai sitata. Daga nan aka tura CD ciki aka ja ƙofa. Ni abin da nake tunawa kawai shi ne zama a kan tanki, da ƙanshin turarensa haɗe da fetur.

7/ To, muna fito da shi tsakar soro, ɗan yayana ya ruga ya sayo fetur a gorar ruwa, wai a zuba a buga kiki a gani. Wallahi ni ma abin da ke raina ke nan. Allah Ya taimake mu na ce a bari in kira makaniken Malam tukuna.

8/ Dattijo ne, ya haura 70, ya bar wa yaransa gareji. Kowa Oga yake ce masa, ni Baba nake ce masa. Ina faɗa masa a waya ya katse ni: "Ɗan Malam, kun buga kiki?" Na ce a'a. Ya ce, "To duk wanda ya taɓa kikin nan kafin in zo, ni da shi ne."

9/ Dalilinsa, ku riƙe shi ko da janareto kuka ajiye: injin da ya daɗe a zaune, duk baƙin man da ke jikin ƙarafansa ya gangara ƙasa. Sama a bushe take. Ringi kan manne da bangon silinda saboda tsatsa. Ka taka kiki da ƙarfi, ringi ya karye, ya karce bangon.

10/ Kuma a irin wannan Hondar, sandar da ke buɗe bawul, wadda suke ce wa kamshaf, a kan alminiyam take juyawa kai tsaye, mai ne kaɗai ke tsakaninsu. Ta juya a bushe na ɗan lokaci, ka cinye abin da ba ka da inda za ka sayo shi. Minti ɗaya na zumuɗi, asarar shekara.

11/ Da Baba ya iso bai taɓa sifana ba. Kujera ya sa aka kawo masa, ya zauna yana kallon babur ɗin kusan minti goma. Na ɗauka jimami yake. Wataƙila da jimamin. Amma daga baya ya ce min duba tsayuwarsa yake, ko ya karkace. Ya ce in ɗauki hoton ko'ina kafin a kwance ko da noti ɗaya.

12/ Abu na farko takardu. Umma ta fito da su daga adakar Malam, cikin leda uku: rasit, tsohon lasin, komai. Lambar da ke wuyan shasi ta fara da CD175, ta jikin inji ta fara da CD175E. Muka goge da kananzir muka karanta, duka sun dace da abin da ke takarda.

13/ Kar ku raina wannan. In za ka sayi tsohon babur a hannun wani kuma lamba ta sha bamban da takarda, ko ka ga alamar an goge an sake bugawa, ka yi sallama kawai. Ba ka so ka gama kashe kuɗinka, ranar da ka fito titi a ce na sata ne.

14/ Sai shasi. Tsatsa iri biyu ce, in ji Baba: mai kwanciya a sama da mai ci ta ciki. Ya ɗauki sukudireba yana caccaka duk inda ruwa zai iya kwanciya, ƙarƙashin sirdi, gindin inji, inda ƙafar tsakiya take. In ƙarfe ya amsa da ƙara, lafiya. In ya lotsa ko ya zubo gari, an shiga uku.

15/ Namu ya amsa. Sai ya sa muka ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba, gefe da gefe, don a ga ko suna kan layi ɗaya. Suna kai. Amma wajen matakin ƙafa na hagu ya ga tsohuwar walda da aka shafe da baƙin fenti. Ya yi murmushi, ya ce, "Je ka tambayi Hajiya."

16/ Na shiga na tambaya. Umma ta yi dariyar da rabon da in ji ta tun kafin rasuwar. Wai jaki ya buge da magariba yana dawowa daga ƙauye, tun ba a haifi Yaya Babba ba. Ya yi sati yana ɗingishi yana ce wa kakarmu ƙaya ya taka, don kar ta sa shi sayar da babur.

17/ Mutumin da ya zane ni saboda na faɗo daga keke na ɓoye. Allah sarki Malam.

18/ Waldar ba a jikin ƙashin bayan shasi take ba, don haka ba matsala. Da a wuya take, inda kan babur ke juyawa, Baba ya ce da ya tashi ya tafi gida. Wuyan da ya taɓa tsagewa ba a aminta da shi, ko wa ya yi waldar.

19/ Tanki. Nan na fi jin tsoro, don yawancin tsofaffin babura ta nan suke mutuwa. Fetur in ya daɗe yakan zama danƙo mai warin fenti, ruwan raɓa ya taru a ƙasansa, tsatsa ta huda gindin tankin ta ciki, kai kana ganin waje sumul.

20/ Na buɗe murfi na sa hanci. Ba warin fetur. Na haska fitilar waya. A bushe yake, kuma bangon yana ɗan sheƙi. Baba ya zura yatsa ya murza: baƙin mai ne. An juye fetur tas, an zuba mai an girgiza ya shafi ko'ina. Tsatsa 'yar kaɗan ce a kusurwa ɗaya.

21/ Daga nan muka fara lura da sauran. An cire batir. An rufe famfon mai. An toshe bakin salansa biyun da tsumma. An kafe shi a kan ƙafar tsakiya. Wanda ya yi wannan ba jefar da babur ya yi ba. Ajiye shi ya yi da niyyar dawowa.

22/ A cikin ɗan akwatin kayan aiki, tare da sifanoni biyu da filaya, akwai takarda a ninke da aka yago daga littafin rajista. Rubutun Malam ne, mai kwanciya gefe. Ranakun juyen mai, layi-layi. Layin ƙarshe na 2003, ya rubuta an zuba mai ta ramin fulogi.

23/ A nan na ce musu zan je in sayo ruwa. Da ruwa a gidan.

24/ Mu koma kan aiki. Abin da Malam bai iya karewa ba shi ne ɓera da zanzaro. Ɓeraye sun cinye soson sirdi, sun yi gida a akwatin iska, sun gutsure wayoyi a wuri huɗu. Zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a bakin kafireta. Da mun buga kiki, da lakar nan inji zai shaƙa.

25/ Baƙin mai. Muka kwance notin ƙasa muka tara a tsohon kwano. Abu uku ake nema. In ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. In yana ƙyalli a rana, ƙarfe ne ya goge ƙarfe. In akwai ɓarɓashi da maganaɗisu ke kamawa, wani abu ya karye a ciki.

26/ Namu baƙi ne ƙirin, ya yi kauri, amma ba ruwa, ba ƙyalli. Baba ya murza a yatsa ya kai hanci kamar mai sayen man shanu a kasuwa. Bai ce komai ba. Na riga na gane shirunsa labari ne mai daɗi, don in abu ya lalace ba ya ɓoyewa, tsaki yake ja.

27/ Yanzu babbar tambaya: injin zai juya? Aka cire fulogi biyun. Na hagu ruwan toka, a bushe. Na dama da jan tsatsa a bakinsa. A nan ya ja tsakin. Ya sa giya ta 4, ya kama tayar baya ya ɗan motsa ta gaba da baya a hankali. Ƙyam. Fistin ya cije.

28/ Bayaninsa: duk inda inji ya tsaya, da wuya a ce duka bawul a rufe suke. Silindar da bawul ɗinta ya tsaya a buɗe tana shaƙar iskar damina shekara bayan shekara. Man da Malam ya zuba ya yi iya yinsa, amma damina 20 ba wasa ba ce.

29/ Magani? Haƙuri. Ya haɗa baƙin mai da kananzir, ya ɗura a ramukan fulogi, ya rufe da tsumma. Ya ce kullum bayan sallar asuba in zo in ɗan girgiza tayar, ba da ƙarfi ba, in ƙara ruwan in ya tsotse. "Kar ka yi kokawa da shi. Lallashinsa za ka yi."

30/ Rana ta ɗaya shiru. Ta biyu shiru. Ta uku ɗan gwangwan ya sake leƙowa, Yaya Babba ya kalle ni ya ce, "Kai dai ka cika son wahala." Ban ga laifinsa ba. Shi ke ɗauke da gidan yanzu, kuma ɗakin yake so a gyara a sa haya.

31/ Ina jiran inji, na bi sauran da Baba ya lissafa min. Tayoyi ba ma sai an duba ba, sun tsattsage kamar kaushi. Ko da a ido suna da kyau, robar da ta kai wannan shekarun ba a ɗora rai a kanta. Su da tib duka canji. Takalman birki ma haka, fatarsu kan ɓalle daga ƙarfen.

32/ Wayoyin wili kuwa da sifana ake bi ana bugawa ɗaya-ɗaya. Mai lafiya tana amsawa da ƙara mai zaƙi, wadda ta saki tana yin "dum". Na samu shida a baya. Sarƙa, saboda gidanta a rufe yake, tana nan da man jikinta. Wanda ya ƙirƙiro gidan sarƙa ya san ƙurar ƙasar nan ko bai taɓa zuwa ba.

33/ Wuta. Ku ji wannan da kyau: bolt 6 yake amfani da shi, ba 12 irin na baburan yanzu ba. Ka ɗauko batirin Boxer ka jona, ka ƙone ƙwayayen fitila, wataƙila har koyil. Kuma ba shi da ɗan akwatin wutar zamani. Kontak ne da kwandansa, ana gogewa ana saita tazararsa.

34/ Na kai hoton kontak ɗin wani gareji a bakin titi. Yaron ya juya wayar sama da ƙasa, ya ce a cire kawai a sa injin ɗan China, kwana ɗaya an gama. Gaskiyarsa ta wani fannin, zai tashi, zai yi gudu. Amma wannan sabon babur ne sanye da rigar Malam.

35/ Maleji ban ma yarda da shi ba, wayarsa a tsinke take, Allah kaɗai Ya san tun yaushe. Takardar juyen mai ta fi shi gaskiya.

36/ Rana ta shida, bayan asuba. Na kama tayar kamar kullum, na tura. Sai na ji ta tafi kamar faɗin yatsa biyu, ruwan ya yi tsartuwa ta ramin fulogi ya ɓata min jallabiya. Na ja baya, ta dawo. Ban san na yi kabbara da ƙarfi ba sai da Umma ta leƙo tana tambayar lafiya.

37/ Baba ya zo da hantsi. Ya juye ruwan, ya zuba sabon mai, ya buɗe murafun bawul ya ɗiɗɗiga mai a sama, ya yi ta juya injin da hannu har ya saki. Sai a lokacin ya yarda a taɓa kiki, shi ma ba fulogi, ba fetur. Ya toshe ramin fulogi da babban yatsa, ya ce in taka.

38/ Na hagu ya ture yatsan da ƙarfi, "fuf". Na dama da ƙyar. Sai ya zuba cokali ɗaya na mai a na daman, muka sake. In ƙarfin ya ƙaru, ringi ne ke zubar da iska, don mai ya toshe gefen na ɗan lokaci. In bai ƙaru ba, bawul ne. Namu bai ƙaru ba.

39/ Wato bawul ɗin da ya tsaya a buɗe ne tsatsa ta hana shi zama daidai. Sai an buɗe kan inji an goge mazauninsa, ko a canza. Aiki ne, amma aikin da aka san iyakarsa. Giya huɗun duk suna shiga. Kuloci ya manne, wannan kuma an saba.

40/ Muka zauna a tabarma da biro. Abin da wanki da guga za su gyara: kafireta, tanki, kontak, sarƙa. Abin da kuɗi za su saya a kasuwa: taya, tib, birki, wayoyi, batir, gaskit, ɗinkin sirdi. Sai abin da kuɗi kaɗai ba sa kawowa, sai an yi yawo.

41/ Wannan na ƙarshen shi ne abin da ban zata ba. Na ɗauka inji ne zai kayar da ni. Ashe kayan jiki ne. Salansar dama ta ruɓe ta ciki, ka ƙwanƙwasa ka ji gari na zuba. Murfin gefe na hagu babu shi sam. Tambarin tanki ɗaya ya faɗi.

42/ Na yi wuni guda a Kofar Ruwa. Na samu gaskit da za a iya yankawa, na samu wani dattijo da ya ce da na zo shekarun baya, da tuli zai nuna min, duk an auna an narkar. Na tsaya ina kallon ana loda tarkace a mota, ina tunanin CD nawa ne a ciki.

43/ Lissafin Baba: in za a yi shi yadda ya kamata, a hankali, kuɗin zai kusa rabin na sabon Boxer. Kuma ko an gama ba zai fi Boxer gudu ko sauƙin kaya ba. Duk mai neman abin hawa kawai, kar ya bi hanyata. Na faɗa muku gaskiya.

44/ Sai ya faɗi abin da ya hana ni barci. Ya ce babur mai takardu cikakku, shasi lafiya, inji na juyawa, tanki ba huda, wanda ya san darajarsa zai biya wajen dubu 300 a yadda yake ɗin nan. Daga ni sai shi a soron.

45/ Ku gane matsalar. Kowa a gidan ya riga ya yarda dubu 45 ne. Da na shiga na ce "bai gyaru ba, amma zan biya kuɗin ɗan gwangwan in ajiye don tunawa", da har godiya za a yi min. Kuma wallahi zuciyata ta kawo min wannan, ba sau ɗaya ba. Ta ma kawo hujja: ai ni na sha wahalar.

46/ Amma cikin magada akwai ƙannena biyu na ɗakin amaryar Malam, ɗaya aji 5 a firamare, ɗaya JSS 2. Ba su taɓa jin ƙarar babur ɗin nan ba, an ajiye shi kafin a haife su. Ba su san ya kai dubu 45 ko 300 ba. Rabonsu kuma na ciki.

47/ Na tambayi Baba ko zai maimaita kuɗin a gaban Kawu. Ya ce, "Da ma ko ba ka kira ni ba zan je." Ashe tsohon ya riga ya rufe min ƙofar tun kafin in gama shawara da kaina. Don haka kar wanda ya yabe ni da yawa a nan.

48/ Ranar Juma'a bayan la'asar aka zauna. Baba ya yi bayani, aka rubuta dubu 300. Yaya Babba ya yi shiru, can ya ce to ko a nemo mai sayen. Na ce ni ne mai sayen, a cire daga rabona. Ya ce, "Ka san kuɗin da kake cewa za ka ƙara jari da su ne ko?" Na ce na sani, Yaya.

49/ Kawu ya tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya, har amaryar Malam a madadin 'ya'yanta. Aka amince. Ɗakin shirgi kuma na kwashe shi a kwana biyu kamar yadda na yi alkawari. Babur yana gidan Baba yanzu, ƙarƙashin rumfa, an lulluɓe shi da tsohon zanen gado.

50/ Har yau bai tashi ba, masu tambaya. Ko ɗigon fetur bai shiga tankin ba. Asabar mai zuwa za mu buɗe kan inji, kuma Baba ya gargaɗe ni cewa sai an buɗe ake sanin gaskiyar bangon silindar dama. Zai iya yiwuwa lissafin ya ƙaru.

51/ Umma ta ce duk ranar da zai tashi, kar a tayar da shi a gidan kowa. A turo shi soro, inda Malam ke ɗumama shi da safe, tana ciki za ta ji. Baba ya ce turawa daga unguwarsu zuwa tamu aikina ne, shi gwiwarsa ta gama aiki.

52/ Wanda ya san inda zan samu murfin gefe na hagu da salansar dama na CD 175, ko a Panteka ta Kaduna ne, ko Zinder, ko a soron kakanku, ya yi min magana. Ko da tsatsa ina so. In kuma kun tarar da irinsa a ɗakin shirgi, ku turo min hoto kafin mai sikeli ya zo.